Fajut, garin da aka gina bisa ɓawon ƙumba

Ƴan uwa mata, wadda ta taɓa zuwa bakin kogin Isa a Yamai ko Gaya ta san ƙumba, halittar nan mai ɓawo biyu da ke buɗewa yana rufewa kamar bata. To a Senegal akwai garin da ƙasarsa duka ɓawonta ne. Sunansa Fajut, tsibiri ne kusa da Jowal, garin da aka haifi Senghor, shugaban ƙasarsu na farko, sama da kilomita 100 kudu da Dakar. Mota ba ta shiga. Gadar katako ake bi da ƙafa, kana sauka ka ji ƙurus-ƙurus ƙarƙashin takalmi. Hanya ɓawo, bangon ɗaki ɓawo, har makabartar da Musulmi da Kirista ke kwance wuri guda tudun ɓawo ce. Shekaru aru-aru mutane na cin naman suna zubar da ɓawon, shi ya taru ya zama gari. Na ga rumbunan hatsi kafe bisa itace a tsakiyar ruwa, wai don tsoron gobara da ɓera.

Ƙumbar tasu ta ruwan gishiri ce, suna ce mata pany. Ɓawonta kauri gare shi, jikinta da jan jini. Ba ta yawo. Tana binne cikin laka, tana zuƙar ruwa tana tace ɗan abincin da ido ba ya gani. Ƙwanta cikin ruwa take saki, ƴaƴan su yi ta yawo kwanaki kafin su sauka su kama ƙasa, kuma sai sun yi shekaru kafin su kai girman sayarwa.

Aikin na mata ne, kuma wata ke ba su lokaci. Teku na janyewa sau 2 a kwana, kullum yana jinkirtawa da kusan minti 50, ya fi janyewa nesa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ran nan sai mata su fita da kwando da bokiti, su duƙa cikin laka awa da awa suna tono da hannu ko da cokali, ɓawo na yanka yatsu. Ruwa ya juyo, dole a tashi. A gida a tafasa har bakin ya buɗe, a ɓare, a shanya a rana, sannan a kai kasuwa a zuba cikin dafa-dukar shinkafa. Na ɗanɗana, tauri kamar ƙundun kaza. Masu tambaya, a Malikiyya abin teku halal ne.

Kudu da Fajut, inda kogin Salum ke shiga teku, nan sana'ar ta fi ƙarfi. Unesko ta sa yankin cikin kayan tarihin duniya a 2011, da tudun ɓawo 218. Amma matan can suna kuka: hannuwa sun yi yawa, abin da ake tonowa sai ƙara ƙanƙancewa yake. Ga dabarar da ƙauyuka da dama suka yi, ita ta fi kama mini hankali. Da damina sukan rufe wurin tono, ba mai taɓawa sai an buɗe. Wasu na tankaɗe abin da suka tono, ƙananan su zube su koma laka. Kun ga, wannan ai asusunmu ne: uwar kuɗi tana cikin akwati, riba ake rabawa. Su ma wahalar ɗaya ce da tamu, domin mai yunwa a gida ba ta son jin a jira, kuma in ƙauye guda ya rufe maƙwabta suka zo da dare a jirgi, an yi aikin banza.

A Gambiya mata sun wuce nan. Ƙungiyar TRY, wadda Fatu Janha ta kafa a 2007, ta samu takarda daga gwamnati a 2012 cewa ƙumbar dausayin Tanbi, kusa da Banjul, a hannunsu take. Su da kansu suka yanke wata 8 a rufe, wata 4 a buɗe, daga Maris zuwa Yuni.