Alƙalin da Ya Tsufa a Gabanmu

Mu masu rubuta manhaja muna da wata gardama da muke tayarwa a ofis duk lokacin da aka ɗauke wuta muna jiran janareta: tsohon Judge Dredd ya fi, ko na yanzu?

Dredd alƙali ne a mujallar zane ta 2000 AD, wadda ke fitowa mako-mako a Birtaniya tun 1977. John Wagner ne ya ƙirƙiro shi, Carlos Ezquerra ya zana kamanninsa. A birninsa, Mega-City One, shi ke kamawa, shi ke yanke hukunci, shi ke zartarwa, duk a bakin titi. Shekara ɗaya a wurinmu shekara ɗaya ce a wurinsa, shi ya sa ya tsufa a gaban masu karatu.

Tsofaffin labaran, galibi baƙi da fari, gajeru ne masu zafi kamar yajin tsire. A 1977 wani mutum-mutumi kafinta, Call-Me-Kenneth, ya jagoranci tawaye. A 1992, cikin labarin Mechanismo, aka ƙera alƙalan ƙarfe, suka haukace suka hau harbin jama'a. Muna son waɗannan saboda tsoronsu irin namu ne: na'ura za ta yi kuskure, a nemo kuskuren a gyara.

Sababbin sun fi tafiya a hankali. Bayan annobar Day of Chaos ta hallaka mafi yawan mutanen birnin a 2012, alƙalai suka yi ƙaranci, sai Wagner ya dawo da na ƙarfen. Wannan karon suna aiki daidai, har sun fi mutane haƙuri. Tsoho Dredd bai saki jiki da su ba, ga shi ya rasa laifin da zai nuna.

Da muna ganin taurin kai ne kawai. Sai bara muka rubuta wata manhaja mai tantance masu neman rance. Ta ci kowane gwaji. Wata rana wata baiwar Allah mai ɗinki, wadda manhajar ta hana, ta zo har ofis tana tambayar wanda za ta yi wa bayani. Muka duba lissafin, babu kuskure ko ɗaya. Babu kuma wanda aka ba ikon saurarenta. Ta yi mana sallama ta tafi.

Mun ɗauki wata biyu muna roƙon shugabanninmu kafin su yarda a ƙara hanyar ɗaukaka ƙara zuwa gaban ɗan Adam. Gardamar ofis tana nan, amma masu goyon bayan tsofaffin labaran sun ragu da mutum uku.