Wuƙar Yaƙin Bama

Tun muna yara, akwai wata wuƙa a gidanmu da ba a fito da ita sai ranar Babbar Salla. A cikin akwatin ƙarfe na kakanmu take kwana, naɗe cikin wani tsohon rawani, idan an yanka rago an feɗe, sai a ɗauko ta don saran ƙashi. Ba ta yi kama da wuƙaƙen mahauta ba. Ruwanta ya tanƙwaro gaba kamar ƙafar kare, ya yi ciki wajen tsini, ga nauyi kamar ƙaramin gatari. Sunanta a gidanmu wuƙar Bama, kuma labarin da muka tashi da shi shi ne kakanmu ya ƙwace ta ne daga hannun wani hafsan Japan bayan sun yi kokawa a cikin daji. Shi tsohon da bakinsa bai taɓa faɗa mana haka ba, har Allah ya yi masa rasuwa a 1998. Baffanmu ne mai ba da labarin, kuma kowace shekara kokawar ƙara tsawo take.

Kakan ya ba mahaifinmu wuƙar tun da ransa. Da mahaifinmu ya rasu bara, malamin da ya zo rabon gado ya ce komai sai an yi masa kuɗi, ko da allura ce. To, nan fa aka yi cirko-cirko, domin ƙanena ya gani a wayarsa cewa Turawa na sayen wuƙaƙen yaƙi da tsada, har ya fara lissafin miliyoyi. Aka ɗora mini aikin gano darajarta, wai ni ne malamin makaranta.

Na fara da takardar sallamar kakanmu daga soja, wadda ke cikin akwatin. Ta nuna yana bataliya ta 7 ta rundunar Nijeriya, an kuma sallame shi a 1946. Wannan bataliya, da ta 6 da ta 12, su ne suka haɗu suka zama birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda aka cire daga runduna ta 81 aka haɗa da sojojin Janar Wingate da ake kira Chindit. A 1944 aka ɗebe su a jiragen sama aka sauke su can bayan sahun Japanawa a dazukan Bama. Sunan nan ne barikin soja na Zariya yake ɗauke da shi har yau. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a cikin wannan runduna akwai Gurka, mutanen ƙasar Nefal, kuma wuƙarsu ta gado, wadda suke kira kukuri, ita ce sak wuƙar gidanmu. Ashe wuƙar abokan tafiya ce, ba ta abokan gaba ba.

Daga nan na kai ta wajen wani tsohon maƙeri a unguwarmu. Ya juya ta, ya ƙwanƙwasa ta da ƙusa ya kara a kunne, ya goga ƙarfen gogewa a bakinta, sannan a gadon bayanta. Ya ce, "Malam, wanda ya ƙera wannan ya san wuta. Bakin ya sha ruwa ya yi tauri, bayan kuwa an bar shi da taushi don kada ta karye in an sari abu mai ƙarfi." Ya ce in don aiki ne, za ta binne ni ta binne 'ya'yana. Da na tambaye shi kuɗinta, sai ya yi mata kuɗin adda uku masu kyau.

Wanda ya buɗe mini ido shi ne wani dattijo mai sayar da kayan tarihi a Kasuwar Kurmi. Bai ko taɓa kaifin ba. Gindin ruwan ya duba, kusa da ƙota, ya sa yawu ya murza da babban yatsa, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Sai ga wata 'yar alama kamar kan kibiya, ga kuma lambobi sun dushe, 1943, ukun ma da ƙyar ake ganinta. Ya ce kibiyar nan tambarin gwamnatin Ingila ne a kan kayan soja, wato daga rumbun gwamnati wuƙar ta fito. Ya nuna mini wata a shagonsa, tana ta ƙyalli, da kan zaki a gindin ƙotarta da ɗige-ɗigen ado a jiki, ya ce irin wannan don 'yan yawon buɗe ido ake yin su a Indiya, ko itacen girki ba za su fasa ba. Ya ƙara da cewa tambarin ma ana buga na jabu, amma na jabu yakan fito raɗau a kan ƙarfen da ya tsufa, shi kuwa namu tare suka tsufa da wuƙar.

Har na fara murmushi, sai ya shiga lissafa aibobinta. Cikin ruwan ya zaizaye, domin shekara kusan tamanin ana wasa ta a dutse. Ɗan gurbin nan da ake yi wa kukuri a gindin kaifi ya kusa shafewa. Ƙotar asali katako biyu ne da aka dafe da ƙusoshi, tamu kuwa ɓari ɗaya ya fashe tun ina firamare, aka sa wani kafinta ya sassaƙa mata na maɗaci. Kuben soja ya daɗe da ruɓewa, wanda take ciki yanzu aikin dukawan garinmu ne, jar fata da zane. Sannan ya kalle ni ya ce, "Wa ya goge ta da samfefa?"

Na yi shiru. Ni ne, daren jiya, don in kawo ta kasuwa fes. Ashe baƙin nan da ƙarfe ke yi in ya daɗe, shi masu tara irin waɗannan kaya suke nema, domin shi ne shaidar shekaru, ni kuwa na kankare rabinsa cikin awa guda, saura kaɗan in haɗa da tambarin. Ya ce tsohuwar wuƙa ba ta son komai sai tsumma da ɗan man keken ɗinki.

Na ce, "To Alhaji, nawa za ta yi?"

Ya ce irinta an ƙera su da yawa lokacin yaƙi, ba abin da ba a samu ba ne, ko wadda ba a taɓa ba ma ba ta sayen gida. A yadda take, zai ba da naira dubu arba'in. Amma in zan haɗa masa da takardar sallamar da lambobin yabon tsohon, zai ninka har sau uku, don mai saye ya fi son wuƙar da aka san hannun da ya riƙe ta. Wannan magana ta dame ni a hanya. Takardar da ba wanda ya kula da ita a gidanmu, har kyankyasai sun ci gefenta, ita ce mai ɗaga kuɗin.

Ranar da muka sake zama na faɗi abin da na ji, ban rage ba, har da ɓarnar samfefa. Ƙanena ya ɓata rai, ya ce ko dai ina karya farashin ne don ta faɗo hannuna. Ban ji daɗi ba, amma ban ga laifinsa sosai ba, sai na ce a rubuta ta a kan dubu ɗari da ashirin, kuɗin da ya fi yawa, a cire daga kasona. Malam ya rubuta.

Maganar Baffa ce ta fi mini wuya. Bayan an watse na same shi a zaure, na ce, "Baffa, wuƙar nan fa ta Gurka ce, ba ta Japanawa ba." Ya daɗe yana jan carbi. Can ya ce ya tuna tsohon ya taɓa ambaton wani gajeren mutum da suka yi zaman rami ɗaya, ba sa jin harshen juna, shi yana ba shi taba, don shi ba ya sha, shi kuma yana ba shi shayi. Na ce me ya sa bai taɓa gaya mana wannan ba? Ya ce, "Ku yara ne, wa zai zauna ya saurari labarin shayi?"

Wuƙar na wurina yanzu, tare da takardar, wadda na sa a cikin leda. Sallar bana matata ta tambaya ko a ɗauko ta, na ce a aiko yaro ya aro gatarin maƙwabta.