Ziyarar Babbar Ruga

Mun bar Kano da sassafe, muka bi ta Bichi da Tsanyawa da Kankiya, kafin azahar muna Katsina. Daga cikin gari na hau keke napep, muka miƙe hanyar Batsari. Da na ce Babbar Ruga za ni, mai keken ya waigo ya ce, "Allah Ya ba ta lafiya, Malam." Bai ma tambayi wace ce ba.

Asibitin kutare ne a da, an ajiye shi can bayan gari. A 1983 wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya tarar da matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari, ya shiga yi musu aiki. Yau wurin cibiya ce ta gwamnatin tarayya. Kuturta da yoyon fitsari duk suna warkewa, amma duk biyun mutane sun fi saurin gudun mai su fiye da kai shi asibiti.

Sanadin ciwon ba ɓoyayye ba ne. Kan jariri ya daɗe a maƙale yana danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ƙofa ta buɗe. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Uwar ba ta gama kukan ɗanta ba, za a fara toshe hanci.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda matan ke zama. Na yi sallama ƙarƙashin wata bishiya, wata yarinya ta amsa, ta ja tabarmarta baya, alhali an yi mata aiki, yoyon ya tsaya. Wata malamar jinya ta ce mini da yawansu kan iso a bushe, don sun rage shan ruwa kada su jiƙe, hakan kuwa ƙara wa fitsarin zarni yake yi. Wadda aka ware wa kwano, aka daina sayen abincin sana'arta, kishiya ta yi mata gori, miji ya ce ta je gida sai ta warke, a hankali takan yarda cewa ita ƙazanta ce. Daga nan ba sai an kore ta daga gidan biki ba, ita za ta hana kanta zuwa. Wannan ne nake ganin ya fi ciwon muni, domin ɗinkin likita ba ya kaiwa can.

A tsakaninsu kuwa ana hira, ana kitso, ana dariya, tunda babu mai ƙyamar wata.

Mai gida, idan matarka ta dawo daga Babbar Ruga, ka je tasha ka taro ta da kanka, ka ci tuwon da ta tuƙa a gaban 'yan'uwanka.