Dutsen Da Wani Ya Bari

Mu da neman ilmi da neman abinci suka kawo mu wannan nahiya ta Kudu, babu abin da muka sani kamar hanya. Duk lokacin da aka ba da hutu, ko Sallah ta gabato, sai ka ga kowa ya ɗaure kaya ya fuskanci Arewa, wani a motar haya, wani kuwa a cikin 'yar ƙwarya-ƙwaryar da Allah Ya hore masa. Mun san garuruwan nan kamar karatun allo: Badun, Oyo, Ogbomosho, Ilori, Jabba, Makwa, har a dangana da Kwantagora. Mun san inda ake sayar da doya mai araha, mun san masallacin da ke da ruwan alwala. Abin da ba mu sani ba, sai da muka kusa yin asarar da ba ta da mayi sannan muka gane, shi ne abin da mutum zai yi a cikin minti biyar na farko bayan mota ta lalace masa a kan titi.

A cikin watan Agustan 2019 ne, ana saura kwana biyu Babbar Sallah, muka ɗauki iyali, uwargida da yara biyu, a cikin tsohuwar Peugeot 406 ɗinmu. Niyyarmu mu tashi da asuba, amma gyaran takardun jarrabawa ya tsare mu har hantsi ya dubi ludayi. (Ɗalibanmu da ke ganin kamar malami na jin daɗin riƙe sakamako, to ga irin ladan da yake samu.) Cunkoson tankokin mai ya ƙara cinye mana lokaci, ba mu ƙetare gadar Kogin Kwara a Jabba ba sai la'asar sakaliya, ga kuma hadari ya haɗo daga gabas.

Tsakanin Jabba da Makwa, muna shan wata kwana, sai ga dutse kamar kan rago zaune a tsakiyar hannunmu. Kafin mu kauce, tayar gaba ta dama ta hau shi, ta fashe da ƙara kamar harbin bindiga. Nan take muka yi abin da duk wanda tsoro ya kama yake yi, wato muka danne birki iyakar ƙarfinmu. Mota ta fizge sitiyari ta yi dama, ta dawo hagu, sannan ta tsaya a karkace, rabinta a kan kwalta, rabinta a ƙasa. Daga baya ne muka koyi cewa idan taya ta fashe ana gudu, birki shi ne abin da ake jinkirtawa. Sai a riƙe sitiyari da hannu biyu ƙam, a sassauta totur a hankali, a bar mota ta rage gudu da kanta, sannan a taɓa birki sannu-sannu a gangara gefe. Ikon Allah kaɗai ya sa babu wata mota a ɗaya hannun a wannan lokaci.

Muka fito muna salati. To, a nan ne fa wautar ta fara. Tayar safaya tana ƙarƙashin kaya a cikin but, don haka muka shiga sauke jakunkuna da buhun garin rogo muna jerawa a kan kwalta. Uwargida ta tsaya a bayanmu tana karɓa, yara kuma suka zagayo suna kallo, su ma a bayan motar. Mu huɗu cur, mun jeru a daidai inda duk abin da ya fito daga kwanar nan zai fara samu, kuma ko fitilun nan huɗu masu ƙiftawa ba mu tuna mun kunna ba. Hankalinmu duk yana kan taya, sai ka ce tayar ce abin da za a tambaye mu a gida.

Muna cikin haka wata babbar mota shaƙe da ragunan layya, ta nufi Kudu, ta wuce mu, ta je can gaba ta sauka daga titi gaba ɗaya ta tsaya. Gabanmu ya faɗi, don zamanin da muke ciki ya sa matafiyi ba ya sakin jiki da wanda ya tsaya masa a daji, kamar yadda shi ma mai wucewa ba ya son tsayawa. Sai ga wani dattijo, gemunsa fari fat, ya nufo mu da sassarfa, yaron motarsa na biye da adda a hannu. Ko sallama bai tsaya yi ba.

"Malam, kwashe yaran nan daga nan! Hajiya, ku hau can bayan kwalbati, ku yi nisa da titi!"

Muka ce, "Baba, taya ce kawai, yanzu za mu canza."

Ya ce, "Na ga taya ce. Wanda ke tahowa bayanka shi bai gani ba tukuna."

Ya sa yaronsa ya sassaro ganye, ya ce ya tafi har bayan kwanar, ya riƙa ajiye dami-dami a gefen hannunmu, tun daga inda direba bai hango mu ba. Ya tambaye mu alamar nan ja mai kusurwa uku da doka ta wajabta wa kowace mota ta riƙe. Muna da ita, tana cikin ledarta tun ranar da muka saye ta don gudun tarar jami'an hanya. Ya karɓa ya ƙirga taku sittin ya kafa ta. Sannan ya ce mu shiga mu tayar da mota mu gangara da ita ƙasa sosai, a kan fasasshiyar tayar. Muka nuna damuwa kada ƙarfen tayar ya lanƙwashe. Ya dube mu, irin kallon da mukan yi wa ɗalibin da ya zo aji bai karanta littafi ba, ya ce ai ƙarfen taya ana sayar da shi a Makwa.

Ba mu fi minti uku da gangarawa ba sai ga wata tankar mai ta fito daga kwanar tana huci, direbanta ya riga ya ga ganye ya fara rage gudu, amma duk da haka tayoyinta sun bi ta daidai inda buhun garinmu yake ɗazu, inda kuma ƙaramar 'yarmu take tsaye. Babu wanda ya ce uffan. Uwargida dai ta zauna a kan kwalbatin ta rungume yarinyar.

Tun daga ranar muke yin wani ɗan lissafi da muke so mai karatu ya yi tare da mu. Motar da ke gudun kilomita 80 a sa'a tana cin fiye da mita 22 a cikin daƙiƙa ɗaya, mai gudun kilomita 100 kuwa tana cin kusan mita 28. Kafin direba ya gani, ya gane abin da ya gani, ya ɗaga ƙafa ya kai kan birki, daƙiƙa ɗaya ko biyu sun wuce, birkin ma bai fara aiki ba. Idan tirela ce da kaya, tsayuwarta sai ta ninka ta ƙaramar mota nisa, balle a ce an yi yayyafi kwalta ta yi santsi. Ashe wanda ya kafa alamarsa taku biyar daga bayan motarsa, kamar yadda muke gani kullum, ya sanar da mai zuwa ne bayan aikin gama ya gama. Mu da sana'armu ita ce koyar da yadda ake isar da saƙo a cikin zube da waƙa, ga shi wani dattijo da adda ya nuna mana cewa saƙon da ya iso a makare daidai yake da wanda ba a aika ba.

Canjin tayar kansa bai ɗauki lokaci ba, ko da yake a nan ma mun sha gyara. Ya sa muka ja hambirki, muka sa giya, aka samo duwatsu biyu aka yi wa tayoyin baya waigi. Mun ɗauko jak za mu ɗaga, ya ce a fara sassauta notuna tun taya na ƙasa. Ƙasar kuwa ta sha ruwan damina, jak ya fara nutsewa, sai da yaron ya kawo wani guntun katako daga motarsu aka shimfiɗa. Da aka cire fasasshiyar tayar, sai ya tura ta ƙarƙashin motar, wai ko jak ya zame ta sami abin faɗawa a kai, ya kuma hana mu zura ko da hannu a ƙarƙashi. Safayar tamu ashe ta saki iska tun ba yau ba. Da tiyo ya ba ta iska daga tankin iskar motarsa.

Yana tsugune ya haska mana wasu lambobi huɗu a jikin tsohuwar tayar da fitilar wayarsa. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka ƙera ta. Tamu ta haura shekara takwas, alhali bara-bara muka saye ta a wurin masu tayoyin gwanjo, muna murna zanenta bai cinye ba. Dutsen ne ya fasa ta, gaskiya ne, amma roba idan ta tsufa ba ta da jimirin duka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi, kuma tana da lambar kiran gaggawa, 122, wadda a ranar ba ta cikin wayarmu. Abin kunya ne a ce hukumar da malamin adabi ya fara jagoranta, wani malamin adabin bai san lambarta ba.

Kafin mu rabu ya leƙa ma'aunin zafin injin, ya ja mana kunne a kan abu guda: duk ranar da mota ta yi zafi har tururi ya tashi, kada mu kuskura mu buɗe murfin lagireto sai ta huce, aƙalla rabin sa'a. Ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, da an sassauta murfi sai ya yi tsiri ya wanke fuska da hannu. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana tabon da ya samu tun yana yaron mota.

Muka ɗauko 'yan kuɗi muka miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya ce mu ba yaron ya sha shayi. Muka loda kaya, yara suka shiga, muka tayar da mota, magariba ta kawo jiki, zuciyarmu duk ta tafi Makwa. Sai muka ji ana ƙwanƙwasa gilashi.

"Malam, ka manta kayanka."

Muka waiwaya kujerar baya, muka duba but a zuci, ba mu ga abin da muka bari ba. Ya nuna mana duwatsun nan biyu da muka yi waigi da su, ɗaya har ya mirgina ya hau bakin kwalta. A nan ne muka gane asalin dutsen da ya fasa mana taya. Wani ne motarsa ta lalace a kwanar nan, jiya ko shekaranjiya, ya yi waigi, ya gyara, ya yi hamdala, ya kama gabansa.

Muka kashe mota muka fito. Muka ɗauke duwatsun muka jefa cikin daji. Sannan muka bi yaron a ƙafa har bayan kwanar, muna tsince ganyen dami-dami, don kada direbobi su saba ganin ganye babu komai a gabansa har su daina rage gudu. A kan hanyar dawowa muka tarar da babban dutsen yana nan inda yake, da baƙin tabon tayarmu a jikinsa. Ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai da mu da dattijon muka kama shi tare, yaron na tsaye yana duba mana hanya, muka mirgina shi ya faɗa cikin kwalbati.