Miliyan, biliyan da jikkar kakata

1/
Kullum rediyo na ce mana an ware biliyan kaza, an ciyo bashin tiriliyan kaza. Mu ce "to, madalla" mu wuce. Amma mu nawa ne muka san nisan da ke tsakanin miliyan da biliyan? Ku zauna, yau hirar ƙidaya za mu yi 🧵

2/
Miliyan ba ƙirar Ingila ba ce, su ma aro suka yi. Asalinta daga Italiya ne: "mille" dubu, aka ƙara mata "one", ɗafin da ke nuna girma. "Milione" kenan, wato ƙatuwar dubu. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci a ƙarni na 14, sannan Turawan mulki suka kawo mana ita.

3/
Biliyan kuma wani Bafaranshe masanin lissafi, Nicolas Chuquet, ya rubuta ta a 1484. A wurinsa miliyan sau miliyan take nufi. Amurka ta ɗauke ta a matsayin miliyan dubu, Ingila kuma ba ta koma kan wannan ba a hukumance sai 1974.

4/
Shi ya sa in ka tsallaka Kamba ka shiga Gaya ko Dosso, za ka ji 'yan'uwanmu na Nijar na cewa "miliyar". Ita ce biliyan ɗinmu. Hausa ɗaya, amma kowa da bakin Baturen da ya mulke shi.

5/
Kar wani ya ce kafin Turawa ba mu iya ƙirga abu mai yawa ba. Kakanninmu da wuri suke ciniki, kuma wuri sai da yawa. Suna da hauya (20), zangu (100), metan (200), hamsaminya (500). Keso guda wuri 20,000 ne. Zambar dubu ita ce miliyan. In abu ya fi ƙarfin baki, a ce malala gashin tinkiya.

6/
Wadda ta fi burge ni ita ce jaka, ko jikka a bakinmu na Kabi. Fam 100 ce a zamanin Turawa. Da aka canza kuɗi a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jikka ta zama ₦200. A Nijar ma jikka dala 200 ce, wato sefa 1,000.

7/
Kakata a Ambursa har gobe da jikka take lissafi. Ran nan ta ji ana labarin miliyan, ta ce min: "Kai ɗan boko, miliyan ɗin ga taku jikka nawa ta?" Na ce jikka dubu biyar, Kaka. Biliyan kuwa jikka miliyan biyar. Ta riƙe baki ta ce, "To wa ka ƙirga musu?"

8/
Tambayar nan ba wasa ba ce. Jikka abu ce da ake ɗagawa, a ji nauyinta, a kwance a ƙirga. Biliyan kuwa sauti ce kawai a kunnenmu. Harafi ɗaya ya raba ta da miliyan, alhali ta ninka ta sau dubu.

9/
Gwada wannan. A ce kana kashe ₦100,000 kullum. Miliyan kwana 10 za ta yi maka. Biliyan sai ka shekara 27 kana kashewa ba ka gama ba. Tiriliyan kuwa fiye da shekara 27,000.

10/
Ga inda abin ya shafe mu. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a 2015, aka yi ta ambaton biliyoyi. Filin jirgin Sir Ahmadu Bello a ƙasarmu ta Ambursa yake. Manomin fadamar Rima da ke jin waɗannan lambobin yana da haƙƙin ya gane girmansu, don da sunansa ake kashe su.

11/
Wanda bai san girman kuɗi ba, ba zai iya tambayar inda suka tafi ba. Sai a yi masa aikin miliyan a ce na biliyan ne, ya yi tafi har da addu'a.

12/
Shawarata gare mu ɗalibai: in ka ji adadi, ka fassara wa na gida. Raba shi kan ƙananan hukumomi 21 na Kebbi. Mai da shi buhunan taki, ko rijiyoyin burtsatse, ko azuzuwan firamare. Daga nan kowa zai iya cewa ya gani ko bai gani ba.

13/
A garinku da me tsofaffi ke ƙirga kuɗi mai yawa? Ku ajiye min a ƙasa, ina tattarawa 👇