Ba A Haihuwar Mutum Ɓarawo

Sa'ad da aka kama ɓarawo a kasuwa, abin da jama'a su kan fara faɗi shi ne, "Halinsa ne, a jininsa ya ke." Ni dai ban yarda da wannan magana ba. A garinmu Malisa ta ƙasar Gwandu na ga yara sun tashi tare, makarantar allo ɗaya, gona kusa da gona, amma wani ya zama magidanci, wani kuwa ya ƙare a gidan yari. To, me ya raba su?

Abu na farko shi ne abokai. A shekarar 1939 wani malamin Amurka, Edwin Sutherland, ya bayyana cewa koyon laifi a ke yi wurin abokan zama, kamar yadda a ke koyon saƙa ko ƙira. Yaro ya kan koyi dabarar ɗaukar abin, ya kuma koyi maganar da zai kwantar wa zuciyarsa da ita, watau ya ce, "Ai mai dukiyar ba zai ji a jikinsa ba." Kakanninmu sun riga sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Na biyu, ƙuruciya da zaman banza. Masu bincike a ƙasashe da yawa sun lura samari ne su ka fi yawan yin laifi, in kuwa mutum ya manyanta, ya sami iyali da sana'a, yawanci ya kan bari. A nan wajenmu, da an gama kaka, saurayin da ba shi da fadama, bai kuma tafi cin rani ba, sai ya wuni a gindin bishiya, hannu ba aiki, aljihu ba kuɗi.

Na uku, kayan maye. Ƙidayar da aka yi a 2018 ta nuna mutum wajen miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi cikin shekara guda. A shekarar nan ce kuma Gwamnati ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Maye ya kan cire wa mutum kunya, sa'an nan ya tura shi neman kuɗin na gobe ko ta halin ƙaƙa.

To, ina magani? Wasu su kan ce a tsananta horo kurum. Amma tun a 1764 wani masani na ƙasar Italiya, Cesare Beccaria, ya nuna cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin horo hana laifi. Mu auna da kanmu. In mun ɓoye mai laifi don ɗan wane ne, mun koya wa sauran yara cewa doka ta marar gata ce. Ba banza ba Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami, a kan yadda shugaba zai riƙe jama'a da adalci.

A 2019 aka yi doka wadda ta mai da gidajen yari na Nijeriya gidajen gyaran hali, ta kuma shirya yadda mai ƙaramin laifi zai yi aikin jama'a maimakon ɗauri. Dalilinta a fili ya ke, gama yaron da ya saci akuya, in aka haɗa shi ɗaki ɗaya da 'yan fashi, ai makaranta aka kai shi.

Saura namu aikin. Na san wani saurayi da ya fito daga kurkuku, kowa ya guje shi, ko ƙodago ba mai ba shi. Wani tsohon tela ne ya kira shi, ya zaunar da shi a kan keke. Yau da aure gare shi da 'ya'ya. Da an bar shi haka nan, wa zai karɓe shi in ba tsofaffin abokansa ba?

Saboda haka, 'yan'uwa, ku da Allah ya ba ku ilmin karatu, kowa ya san da wa ɗansa ya ke yawo, ya kuma ɗora shi a kan sana'a kafin rani ya shigo. In kun ga alamar maye, ku gaya wa mai unguwa tun da wuri. Wanda ya tuba kuwa, ku buɗe masa ƙofa. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.