Kunnen Aro: Yadda Na Zaɓi Na'urar Sauraren Jariri

A gidan da na tashi a Kusada, ban taɓa ganin jariri ya farka ya daɗe yana kuka babu wanda ya ɗauke shi ba. Babban gida ne; in uwa tana daka ga kaka, in kaka ta fita unguwa ga matan baffanni. Da aure ya kawo ni Kankiya sai na samu kaina daga ni sai maigida, shi kuwa in ya fita tun safe sai magariba.

Tun da na gama NCE nake koyar da matan aure a ɗakin da ke jikin zaurenmu, daga la'asar zuwa dab da magariba. Da goyo nake shiga aji, amma a bazarar 2023, yarona yana da wata 7, ƙurajen zafi suka feso masa a wuya da baya, sai na koma kwantar da shi a ɗaki in ya yi barci. Wata rana muna tsakiyar tilawa, kowa ta ɗaga murya, sai wata ɗaliba da ta fita alwala ta dawo a guje tana cewa, "Malama, yaronki!" Na tarar ya mirgino daga gado, ƙafarsa ta sarƙe a gidan sauro, ya yi kuka har muryarsa ta dishe. Allah Ya tsare, ƙulu kawai ya yi a goshi, amma daren nan ban runtsa ba.

Da labari ya kai Kusada, Inna ta ce za ta turo mini 'yar yayata ta riƙa yi mini raino. Yarinyar shekararta 9, da safe tana firamare, da yamma tana Islamiyya. Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Da wane ido zan koyar da matan wasu, na raba 'yar gidanmu da karatunta?" Ranta bai so ba, amma ta yi shiru.

Ƙanin maigida da ke Kano ne ya ba mu labarin na'urar sauraren jariri. Guda biyu ce: ɗaya a ajiye kusa da yaro, ɗaya a hannun uwa, duk motsin da ya yi sai ta ji kamar rediyo. Ashe ma tsohon abu ne, tun 1937 kamfanin Zenith ya ƙera ta farko a Amurka. Ya turo mini hotunan iri uku: mai sauti kaɗai, mai kyamara da ɗan allonta, da mai kyamarar da ake haɗawa da intanet a kalla ta waya.

Gaskiya ta ukun ce ta fara burge ni, sai na tsaya na yi tunani. A ɗakin nan nake shayarwa, a nan nake sauya tufafi. An sha samun rahoto a ƙasashen waje cewa ɓata-gari sun yi kutse cikin irin waɗannan kyamarori, suna kallon ɗaki, har suna yi wa yara magana, musamman inda masu gida ba su sauya lambar sirrin da na'urar ta zo da ita ba. Ga kuɗin data kullum. Na ce sirrin ɗakina ya fi ƙarfin in kasada da shi. Mai allon kuma ta fi tsada, ta fi shan batir, kuma malamar da idonta ke kan littafi yaushe za ta kalli allo? Kunne nake nema, sai na ɗauki mai sauti.

'Yar uwa, in za ki saya, ki duba abu uku. Na farko batir: wasu, ɓangaren uwa ne kawai yake da batir, na ɗakin yaro sai an jona shi, da an ɗauke wuta ya mutu. Ki nemi wadda duka biyun ke riƙe caji, ko wadda za a iya jona ta da fawa-bank. Na biyu nisa: mita 300 da za ki gani a jikin wasu kwalaye lissafin fili ne, katanga tana rage shi ƙwarai, don haka ki gwada ta a ainihin wurin da kike aiki. Na uku, ta kasance tana yin ƙara in layi ya katse, kada ki ɗauka barci yake alhali na'urar ce ta mutu. Wayar caji kuma ki nisanta ta da shimfiɗarsa aƙalla mita 1, domin tana iya naɗe wuyan yaro.

Sai dai kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarinta na 2022, ta ce kada iyaye su dogara da na'urorin gida don kare jariri daga mutuwar fuju'a cikin barci. Abin da ta jaddada shi ne a kwantar da shi rigingine a shimfiɗa mai ƙarfi, babu filo, kuma ya kwana ɗaki ɗaya da iyaye aƙalla wata 6 na farko. Ni ma ba na'urar ce ta hana shi sake faɗowa ba; katifarsa na sauke ƙasa, na ɗaure gidan sauron sosai.

Da Inna ta zo ganin jikanta, ta ji numfashinsa yana fitowa daga abin da ke gefen littafina, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah! To in ya yi kuka ita za ta rarrashe shi?" Na yi dariya, amma tambayarta ta zauna mini. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, in ya ji kukan yaro sai ya taƙaita saboda tausayin uwarsa. Shi ya sa yanzu da na ji motsi nake ce wa ɗalibai su ci gaba da bita, in tashi. Ita ma 'yar yayata tana nan tana karatunta.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.